Songs of a Lost World: The Cure sun tsufa, kuma ba su ɓoye ba

Waƙar farko a kundin da ƙungiyar kiɗan rok ta Birtaniya, The Cure, ta fitar a 2024 tana haura minti 3 kafin a ji muryar mutum. Ganguna ne masu nauyi suke tafiya a hankali, jitar bes tana bin su a ƙasa, kibod ya shimfiɗa amon tsirkiyoyi a sama, sai piyano da ke ɗigowa jifa-jifa. Wanda ya saba da waƙoƙin zamani, inda ake jefo amshi tun kafin mai sauraro ya gyara zama, zai ɗauka an manta da mawaƙin ne. Sai can, bayan ka fitar da rai, Robert Smith, mawaƙin ƙungiyar kuma jagoranta, ya buɗe baki. Sunan waƙar "Alone", kuma da gangan aka sa ta a gaba: duk wanda bai iya jure ta ba, gara ya ajiye kundin tun nan, domin ragowar ma haka suke.

Kundin ya fito ranar 1 ga Nuwamba 2024, shi ne na 14 da ƙungiyar ta naɗa a situdiyo, kuma na farko tun bayan 4:13 Dream na 2008. Shekara 16 ke nan. A tsakani Smith ya sha cewa aiki ya kusa kammala, musamman daga 2019, shekarar da aka shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen kiɗan rok a Amurka, har maganar ta zama abin zolaya a wurin masoyansa. An naɗi waƙoƙin a situdiyon Rockfield da ke Wales, Smith da Paul Corkett suka tsara sautin. Waƙa 8 ce, minti 49. Smith shi kaɗai ya rubuta kiɗa da baitoci duka, abin da rabon da ya yi tun The Head on the Door na 1985.

Ni ina cikin waɗanda suka daina sa rai. Tun Wild Mood Swings na 1996 nake ganin ƙungiyar ta rasa inda za ta dafa. Bloodflowers na 2000 yana da wurare masu kyau, amma kana jin ana ƙoƙarin maimaita Disintegration, kundinsu na 1989, ne da ƙarfi da yaji. Kundin 2004 da suka yi da mai tsara sauti Ross Robinson hayaniya ta yi masa yawa, shi kuwa 4:13 Dream ba yabo ba fallasa, ka saurara ka manta. Tsofaffin ƙungiyoyin rok kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko su yi ta kwaikwayon ƙuruciyarsu, ko su gayyato yaran da ke tashe su sa musu hannu don a ce har yanzu da su ake damawa. A nan babu baƙon mawaƙi ko ɗaya, babu waƙar da aka ɗinka don rediyo. Mutum ne ɗan shekara 65 a lokacin, da ya binne iyayensa da yayansa, ya zauna ya rubuta abin da hakan ya yi masa.

The Cure sun daɗe suna waƙar mutuwa. Pornography na 1982 cike yake da ita, a lokacin Smith yana ɗan shekara 23. Amma mutuwar da saurayi ke rerawa daban take da wadda dattijo ke rerawa. Ta saurayi tana da ado da ɗan alfahari, kamar yana jin daɗin yadda baƙin cikin ya yi masa kyau. Ta wannan kundin ba ta da kwalliya ko kaɗan. "I Can Never Say Goodbye" a kan rasuwar yayansa Richard ce, wanda shi ya fara nuna masa faya-fayen kiɗa tun yana yaro a garin Crawley na Ingila. Tana buɗewa da ƙarar ruwan sama da tsawa, sai piyano ya kama wasu 'yan amo kaɗan yana ta juya su, ba ya gaba ba ya baya. Baitocin sun tsaya a kan dare guda: tsawa, da ruwan sama, da mutumin da ya san abin da ke zuwa amma ba shi da yadda zai yi. Abin da ya fi kama ni shi ne Smith bai yi kuka a cikinta ba. Muryar a tsaye take, kusan a bushe, jitar Reeves Gabrels ce ta karɓi kukan a madadinsa wajen ƙarshe.

"And Nothing Is Forever" ita ce wadda na fi jin tsoro a farko, domin ta buɗe da piyano da tsirkiyoyi masu zaƙi har sun so su yi yawa, irin na ƙarshen fim ɗin soyayya. Smith ya bayyana cewa ta samo asali ne daga alkawarin da ya yi wa wani cewa zai kasance a gefensa lokacin da zai cika, kuma bai samu cika alkawarin ba. Da ka san haka, zaƙin sai ya sauya ma'ana, ya zama irin lallashin da mutum ke yi wa kansa. Ko da haka, da an rage tsirkiyoyin nan kaɗan da ba a yi asarar komai ba.

Maganar murya kuwa abin mamaki ce. Yawancin sa'o'insa sun sauke waƙoƙinsu ƙasa saboda maƙogwaro ya gaji, wasu kuma na'ura ce ke rufa musu asiri. Muryar Smith tana nan inda ka bar ta a 1989, da ɗan karkarwar nan da kaifin nan na yaro mai shirin fashewa da kuka. Wannan ya haifar da wani abu da ba na jin an shirya shi: baitocin na tsoho ne, muryar ta matashi ce, sai ka ji kamar yaron da ya rera "Boys Don't Cry" ne aka nuna masa ƙarshen labarinsa.

Amma in za a raba yabo da adalci, Simon Gallup ne ƙashin bayan kundin. Jitar bes ɗinsa an turo ta gaba sosai, da kaushi da gurnani, ba a ɓoye ta a bayan ganguna yadda aka saba ba. A "A Fragile Thing" ita ce ke jan waƙar, piyano yana ratayawa a jikinta, kuma ita ce waƙa ɗaya tilo a nan da za ka iya tsintar kanka kana rerawa a hanya. Jason Cooper, wanda ya karɓi ganguna a 1995, ya shafe shekaru kusan 30 masoya suna auna shi da Boris Williams, wanda ya gada, suna cewa bai kai ba. Ban taɓa jin ya buga abin da ya fi na wannan kundin ba. Bai yi yawan ado ba, ya dai buga da nauyi da haƙuri, kuma abin da waƙoƙin ke nema ke nan. Roger O'Donnell a kan kibod shi ya zuba hazon da komai ke yawo a ciki.

Tsakiyar kundin ce ta fi rauni. "Warsong" ta fara da wani amo mai ja kamar na tsohon kayan kiɗan nan organ, jitoci suna ta karo da juna, tana ta kumbura, sai ta ƙare a minti 4 da 'yan daƙiƙoƙi daidai lokacin da ta fara kama jiki. A kundin da waƙoƙi ke samun minti 6 ko 10 su miƙe ƙafa, ban ga dalilin da ya sa ita aka yi mata rowa ba. "Drone:Nodrone", wadda Smith ya ce wani jirgi maras matuƙi da ya yi shawagi a saman lambun gidansa ne ya jawo ta, ita ce mafi sauri, kuma na gane amfaninta: ana buƙatar abin da zai girgiza mai sauraro kada ya nutse. Sai dai Gabrels ya saki jita a nan fiye da kima. Gwani ne, ya yi shekaru da David Bowie kafin ya shigo The Cure a 2012, amma gwanintar yatsu ba ita ce al'adar wannan ƙungiya ba, kuma a wannan waƙar kana jin baƙuncinsa. "All I Ever Am" tana da kyau, ta wuce ba tare da ta bar tabo ba.

Sai "Endsong". Minti 10 da 'yan kai, kuma fiye da 6 daga ciki babu murya. Cooper ya kama wani salon bugu a kan manyan ganguna, mai kama da takun sojoji a jana'iza, bai sake shi ba har ƙarshe. A kan wannan bugun ake ta ɗora abubuwa ɗaya bayan ɗaya: kibod ya shigo, jitar Smith mai tsirkiya 6 da ke tsakanin bes da jita ta zana ɗan layinta, sannan Gabrels ya fara jan wasu dogayen amo daga nesa. A nan ya san matsayinsa, kuma a nan ne ya fi amfani a duk kundin. Kamar hadari ne da ya haɗu tun la'asar, ana ta kallonsa yana baƙi, iska ta tsaya, amma ruwan ya ƙi sauka. Da muryar ta shigo, baitocin kaɗan ne: mutum yana tsaye a waje da dare yana kallon wata, yana tuna yaron da ya kasance, yana tambayar yadda aka yi ya tsufa haka. Smith ya danganta ta da 1969, shekarar da aka sauka a duniyar wata yana ɗan shekara 10, lokacin da ake ganin gobe za ta fi yau. Waƙar ba ta ba da wata amsa ba, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. Kalmar ƙarshe ma maimaita ta ya yi ta yi har kiɗan ya mutu. A ganina tana cikin waƙoƙi biyar mafi ƙarfi da ƙungiyar ta taɓa yi, kuma ba na faɗin haka don tausayin tsofaffi.

Yanzu ga ƙorafina babba, wato sautin kansa. An matse shi an cika shi har ya toshe. A wuraren da kayan kiɗa suka taru, kamar ƙarshen "Alone" da kusan duk "Warsong", komai yana danne komai, faifan ƙarfen ganguna yana tsatsa a kunne, piyano ya nutse. Disintegration ma cunkushe yake da kaya, amma akwai iska a tsakaninsu, kana iya bin kowace jita da kunnenka daga farko har ƙarshe. A nan sai ka yi da gaske. Da ƙaramin abin sauraro na kunne abin ya fi muni. Da lasifika mai kyau, a ɗan rage ƙara, yana sassautawa. Kiɗan da aka gina a kan haƙuri bai kamata a yi masa wannan ɗurin ba.

Na biyu, babu haske ko na ƙyaftawar ido. The Cure ɗin da duniya ta sani ƙungiya ce mai fuska biyu: masu "One Hundred Years" su ne masu "Friday I'm in Love" da "Just Like Heaven". Smith ya iya rubuta waƙar farin ciki ta minti 3 fiye da kusan kowa a zamaninsa, kuma a nan ya kulle wannan ɗakin ya jefar da makulli. Na fahimci dalili, kundin ya fi zama abu guda a haka. Duk da haka, wanda bai taɓa jin su ba, in ya fara daga nan zai ɗauka rabin labarin shi ne duka. Baitocin ma a wasu wurare sun cika komawa kan kalmomi iri ɗaya, taurari da mafarki da ƙarewa, har ka fara hango layi na gaba kafin ya iso.

Bangon kundin ya dace da cikinsa: hoton wani sassaƙen dutse ne mai suna Bagatelle, aikin Janez Pirnat ɗan ƙasar Sulobeniya na 1975, fuskar mutum da rabinta bai gama fita daga dutsen ba, a kan baƙin fili. Kasuwa ma ta karɓe shi fiye da yadda na zata ga kundi maras waƙar rawa: ya hau na 1 a Birtaniya, karon farko tun Wish na 1992, ya kai na 4 a Amurka. Ina zargin wani ɓangare na wannan ƙauna ya samo asali ne daga rigimar da Smith ya yi da kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a 2023, lokacin da ya tsaya kai da fata kan kuɗaɗen da ake ɗora wa masu sayen tikiti har kamfanin ya mayar wa mutane dala 5 ko 10. Ba kowane mai shekarunsa da sunansa ne zai tsaya yin faɗa a kan dala 10 ta wani ba.

Ga mai niyyar saye, akwai bugu na musamman da ya zo da faifai na biyu mai ɗauke da kiɗan zalla babu murya. Na ɗauka kayan cika kwali ne, amma a waƙoƙin da rabinsu dama kiɗa ne, yana da ma'ana, kuma a nan ne za ka ji aikin Gallup sosai. Kundin gauraye-gauraye da ya biyo baya a 2025, Mixes of a Lost World, na masu tara komai ne, ana iya tsallake shi. Wanda ba zan ce a tsallake ba shi ne wasan da suka yi a zauren Troxy na Landan a daren da kundin ya fito, inda suka buga waƙoƙin 8 a jere kafin su shiga tsofaffi, aka kuma watsa kai tsaye a YouTube. An fitar da wannan ɓangaren a matsayin Songs of a Live World, ribarsa ta tafi ga ƙungiyar agaji ta War Child. Biyar daga cikin waƙoƙin dama sun sha bugu a rangadin 2022 da 2023, sun nuna a kan dandamali tun kafin kundin ya fito, kuma a Troxy ganguna sun samu wurin numfashi. "Warsong" ta can ta fi ta situdiyo nesa ba kusa ba.