Cire bayan hoto: wace manhaja ta cancanci kuɗinka?

A shagona da ke Birnin Kebbi, da wuya a wuni wani bai shigo da waya a hannu yana son a cire masa bayan hoto ba. Mai sayar da atamfa tana son kayanta su fito a kan farin fili, ɗan takarar kansila yana son fuskarsa a fosta, amarya kuma so take a raba ta da kwanukan da aka jibge a bayanta. Kafin a yi maganar manhaja, abin da nake fara tambaya shi ne: ina hoton zai ƙare, a fuskar waya ko a jikin bana?

In dai sitatus ne ko tallan Facebook, kada ka kashe ko sisi tukuna. iPhone tun daga iOS 16 da ya fito a 2022, danna mutum kawai za ka yi ka riƙe, sai ya ɗago daga hoton. Sabbin wayoyin Samsung ma suna yin haka. Ga kuma Photoroom, wanda masu sayar da takalma da turare suka fi jin daɗinsa.

Shafin remove.bg yana da saurin gaske, cikin daƙiƙoƙi ya gama. Sai dai na kyautar ƙaramin hoto yake ba ka, wanda in aka ja shi zuwa girman bana sai fuska ta dagargaje. Babban sai da kuɗi. Canva, manhajar tsara fosta da kati, ta sayi kamfanin da ya ƙirƙire shi a 2021, kuma a cikin Canva ɗin ma cire baya na masu biyan kuɗin wata ne. Dukansu biyu sai da data.

Inda ake gane gwani shi ne gefen hoto. Kwanaki wani Alhaji ya kawo mini hoton ɗan'uwansa a bikin kamun kifi na Argungu, yana tsaye riƙe da homa, ga gora a gefensa. Na jefa shi a wata manhajar da ke cirewa da kanta. Mutumin ya fito tsaf, amma rabin ragar ta ɓace, ramukan da suka rage kuma cike da launin ruwan Matan Fada. Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam, to ina homar? Ai don ita aka ɗauki hoton." Haka abin yake da gyale mai shara-shara, da leshi, da farin rawani a jikin farin bango. Na'ura ba ta san inda rawani ya ƙare bango ya fara ba.

Irin wannan aikin na Photoshop ne. Yana zaɓo mutum da kansa, sannan ya ba ka dama ka bi gefen gemu da bakin mayafi a hankali, kana gogewa kana dawo da abin da ka goge ba tare da ka lalata asalin hoton ba. Matsalarsa biyu ce. Tun 2013 Adobe ta koma karɓar kuɗin wata-wata, ba a saya sau ɗaya a huta, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. In ba kullum kake buga fosta da kalanda ba, kuɗin ba zai fita ba. Wanda ake zuba maka a filashi a kasuwa kuwa, ni dai ba zan sa shi a kwamfutar da nake ajiye hotunan mutane ba.

Ga wanda yake da haƙuri amma aljihu ba nauyi, GIMP kyauta ne ɗungurungum, kuma ba ruwansa da intanet da zarar ka sauke shi. Hannu zai gaji, don yawancin aikin kai za ka yi. Photopea kuma a burauza yake buɗewa, fasalinsa kamar na Photoshop, talla ce kawai za ka jure a gefe. Shi nake fara ɗora yaran da nake koya wa aiki a kai.

Kowanne ka karkata gare shi, gwada shi da hoton da ya fi ba ka wahala kafin ka biya. In ka gama, ajiye aikin a nau'in fayil na PNG, domin nau'in JPEG ba ya riƙe bayan da babu komai, cike shi yake yi da launi. Wajen tura wa mai buga bana ta WhatsApp kuma, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai isa a matse.