Boss GT-1 a ɗakin naɗar sauti na gida: abin da na gani bayan wata takwas

Na sayi wannan na'ura ta sarrafa sautin jitar lantarki ne saboda dalili ɗaya, wato ina son in riƙa naɗar kiɗan jita kai tsaye cikin kwamfuta ba tare da na ɗauko amfilifaya na kafa masa makirfo ba, domin a gidan da nake zaune ko ƙarar rediyo sai an yi la'akari da maƙwabta, balle jitar lantarki da tsakar dare. Wata takwas ke nan ina aiki da ita kusan kullum, kuma ra'ayina a kanta ya zauna: na'ura ce mai kyau wadda ta fi ƙarfin girmanta, sai dai duk wanda ya haɗa ta da kwamfuta bai fahimci hanyar da sauti yake bi ba, zai iya ɗaukar ta a matsayin lalatacciya tun ranar farko. Matsalolin da na ci karo da su guda huɗu ne manya, kuma da na bi diddigin kowace, sai na tarar tushenta yana cikin saitin da na yi, ko a wutar ɗakina, ko a kayan haɗin da nake amfani da su.

Kamfanin Boss, wanda reshe ne na Roland na ƙasar Japan, ya fitar da GT-1 a shekarar 2016 a matsayin ƙaramar 'yar'uwar manyan na'urorinsa na jerin GT. Nauyinta kilo 1.3 ne, tsawonta kuma bai wuce santimita 31 ba, don haka tana shiga jakar jita ba tare da wahala ba. Tana ɗauke da nau'o'in sarrafa sauti 108, da shiryayyun sautuka 99 da suka zo daga masana'anta, da wasu gurabe 99 inda mutum zai adana nasa. A samanta akwai madannai uku na ƙafa da feda ɗaya, sannan tana iya riƙe kiɗa na sakan 32 ta yi ta maimaita shi domin mutum ya ɗora wani a kai. Tana aiki da batir huɗu ƙirar AA na kimanin awa bakwai, ko da adafta mai bolt 9 wadda ake saye daban. Ba ta da makunni. Sa wayar jita a ramin shigarwa shi ne kunna ta, zare wayar kuma shi ne kashe ta, kuma yana da kyau mai saye ya san haka tun farko don kada ya bar waya a jiki batir ya ƙare. Kebul ɗin USB ba ya ba ta wuta, sauti da bayanai kawai yake ɗauka.

Matsalar farko ita ce kwamfuta ta ƙi ganin na'urar gaba ɗaya. Wannan bai ɗauki lokaci ba. A kan Windows 10, direban na'urar, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, yana sauka ne da kansa idan an haɗa ta alhali kwamfutar tana kan intanet, ni kuwa ranar da na fara haɗawa ba ni da data. Da na kunna intanet na sake sa kebul ɗin, cikin 'yan mintoci sunanta ya bayyana a jerin na'urorin sauti. Abin da ya biyo baya shi ne ya ɗan ruɗa ni: da na zaɓi GT-1 a cikin manhajar naɗar sauti, lasifikar kwamfuta ta yi shiru. Dalili kuwa shi ne, da zarar an zaɓe ta, dukkan sautin manhajar yana komawa ta cikinta ne, saboda haka dole a sa na'urar sauraro ta kunne ko lasifika a jikin GT-1, ba a jikin kwamfuta ba.

Matsala ta biyu ita ce jinkiri, kuma ita ce ta fi cin lokacina, ita ce kuma na fi son mai karatu ya fahimta sosai. Mutum zai taɓa tsirkiya, sai sautin ya iso kunnensa bayan ɗan lokaci kaɗan, kaɗan ƙwarai, amma ya isa ya rikita hannun makaɗi har ya kasa bin ganga. Abin da ke faruwa shi ne kwamfuta ba ta karɓar sauti ɗigo-ɗigo, tana tara shi ne a wani ma'aji da ake kira bafa kafin ta sarrafa shi. GT-1 tana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, don haka idan an sa bafa a 1024, cika ta kaɗai yana cin milisakan 23, sannan a sake cin kusan haka wajen dawowa. Idan aka rage ta zuwa 128, lokacin yana sauka ƙasa da milisakan 3 a kowace tafiya. Da farko na ɗauka maganin shi ne in yi ta rage bafar, sai dai kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce, kuma da na sauko ƙasa sosai sai sautin ya fara tsinkewa yana ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye.

Mafita ta gaskiya tana cikin na'urar kanta. A sashen USB na saitinta akwai abin da aka rubuta wa Direct Monitor, wanda idan yana kunne, sautin jita yana zuwa kunne kai tsaye daga GT-1 ba tare da ya zagaya ta kwamfuta ba. Tun da dukkan sarrafa sautin a cikin na'urar ake yin sa, babu dalilin da zai sa mutum ya saurari kansa ta manhaja. Abin da ya rage shi ne a kashe sauraron da manhajar ke yi wa layin da ake naɗa, domin idan aka bar duka biyun a kunne, za a ji sauti biyu, ɗaya yana bin ɗaya a baya, su haɗu su ba da wani amo mai kama da magana a cikin tulu. Na daɗe ina zargin cewa wani nau'in sarrafa sauti ne na kunna cikin kuskure, ina ta laluben shiryayyen sautin, alhali jitar ce nake ji sau biyu. Tun da na gyara wannan, bafata tana 512 kuma ban sake jin jinkiri ko tsinkewa ba. Sharaɗi ɗaya ne: a zaɓi direban na'urar mai suna ASIO, wanda aka yi domin aikin naɗar sauti, a cikin manhajar, ko FL Studio ce ko Cubase ko Reaper, domin da shi ne manhajar ke daidaita abin da aka naɗa da sauran kayan kiɗan yadda ya kamata. Haka kuma a buɗe aikin a kan 44.1 kHz, wato awon nan sau 44,100 a sakan, tun daga farko. Wannan adadi shi kaɗai na'urar ke aiki da shi, kuma masu haɗa sautin bidiyo, waɗanda suka saba da 48 kHz, za su bukaci sauya fayil ɗin daga baya. A ganina wannan ita ce iyakarta mafi bayyana ga mai aikin situdiyo.

Matsala ta uku ta shafi ingancin sautin. Abin da na fara naɗa ya fito da kaifi mai soka kunne, musamman sautukan da ke da ƙugi irin na kiɗan rok, har na fara tunanin cewa yabon da ake yi wa na'urar ya wuce kima. Ashe saitin Output Select ne yake kan ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan amfilifaya. Wannan saiti shi ne yake gaya wa na'urar inda sautinta zai je. Idan ta ɗauka amfilifayar jita ce a gabanta, sai ta bar wa lasifikar amfilifayar aikin tausasa sautin. Idan kuwa aka sa ta a Line/Phones, sai ta kwaikwayi lasifikar da kanta. Ga mai naɗa ta USB, Line/Phones shi ne daidai, kuma bambancin da na ji bayan sauyawa kamar an canza na'ura ne. Daga nan sai na rage ƙarfin fitar sautin yadda kololuwarsa ba za ta wuce tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili ba a ma'aunin manhaja, saboda shiryayyun sautukan ba ƙarfinsu ɗaya ba, wani yana fita a hankali, na kusa da shi kuma ya cika ma'auni har ya fashe.

Ta huɗu ita ce ƙara, kuma a nan ne yanayin wutarmu ya shigo cikin lamarin. Ƙarar iri biyu ce, kuma rarrabe su shi ne rabin gyara. Akwai gunji mai kauri wanda ba ya sauyawa, wanda ke fitowa daga wutar gida mai juyawa sau 50 a sakan. Akwai kuma wani siririn kuka wanda ke sauya murya duk lokacin da aka motsa linzamin kwamfuta ko aka buɗe wani fayil. Na biyun na gano shi da gwaji mai sauƙi: na zare cajar kwamfuta, sai ya ɗauke nan take. Cajar ba ta asali ba ce, kuma dattin wutarta yana bin kebul ɗin USB ya shiga sautin, abin ya fi tsananta idan GT-1 tana haɗe da lasifika masu nasu wutar a wani soket daban. Na sayi caja mai inganci, na haɗa kwamfuta da lasifika a soket ɗaya, na kuma daina bi ta na'urar rarraba USB, sai kukan ya tafi. Wasu suna ba da shawarar a karya ƙafa ta uku ta filogi, kuma ina roƙon kada kowa ya yi haka, domin ƙafar nan ita ce kariyar mutumin da hannunsa ke kan tsirkiyar ƙarfe.

Gunjin mai kauri kuwa daga wurare biyu ya fito. Na ɗaya adafta ce mai araha da na fara amfani da ita, wadda ba ta tace wuta da kyau. A nan akwai haɗari da ya kamata a faɗa a fili: adaftar da na'urar ke bukata bolt 9 ce mai negatif a tsakiyar baki, yayin da yawancin adaftocin dikoda da na rawuta da ke yawo a gidajenmu bolt 12 ne masu fozitif a tsakiya, bakinsu kuma yana iya shiga ramin daidai. Kuskure ɗaya ya isa ya jawo asara. Na biyu jitar ce kanta, domin maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyinta irin masu naɗin waya ɗaya ne, suna jawo duk wata ƙarar lantarki da ke ɗaki, daga allon kwamfuta, daga fanka, daga inbata, kuma abin ya fi muni idan janareta ne ke ba da wuta. Matsawa nesa da kwamfuta da taku biyu da juya jiki har a sami kusurwar da ƙarar ta fi raguwa yana taimakawa fiye da yadda mutum zai zata.

A nan ne aiki da batir ya zama babbar falalar wannan na'ura a wurina. Idan zan naɗi abin da nake son ajiyewa, nakan cire kwamfuta daga caji, in sa wa GT-1 batir, in saurara ta kunne, sai ya zama babu abin da ya haɗa ni da wutar gida ko kaɗan. Sautin da nake samu a haka shi ne mafi tsafta da na taɓa naɗa a gida, kuma ɗaukewar wuta ba ta katse mini aiki. Na'urar tana da mai danne ƙara a cikinta, wanda aka yi wa laƙabi da NS, amma ina amfani da shi da taka-tsantsan. Idan aka matsa shi da yawa yana yanke wutsiyar sauti kafin ta mutu da kanta, kuma ga mai kaɗa salon jitar Agadas, inda yatsun hagu ke yin ƙananan ado masu sauri a kan tsirkiya ba tare da an sake bugunta ba, wannan yankewa tana cinye rabin daɗin kiɗan.

Game da sautukan kansu, waɗanda suka fi burge ni su ne masu tsabta da masu ɗan ƙugi kaɗan, musamman kwaikwayon amfilifayar JC-120 idan aka haɗa shi da amsa-kuwwa mai sauƙi. Shiryayyun sautukan masana'anta da yawa sun cika ado, an tsara su ne don su ja hankali idan jita tana ita kaɗai, amma a cikin waƙa mai ganga da fiyano da murya sai su cushe wuri, don haka kusan kowanne sai na rage masa amo kafin ya zauna. Allon na'urar ƙarami ne, gyara a kansa yana bukatar haƙuri, amma manhajar Boss Tone Studio, wadda kyauta ce, tana shimfiɗa komai a allon kwamfuta ta kebul ɗin nan guda, kuma da ita nake adana kwafin sautukana.

Wanda yake son naɗar murya ya sani cewa babu ramin makirfo irin na situdiyo a jikinta, ba ta kuma ba da wutar bolt 48 da wasu makirfo ke bukata, saboda haka mawaƙi zai nemi wata na'urar daban. Amma ga makaɗin jita mai ƙaramin ɗaki da matsakaiciyar kwamfuta da wutar da ba ta da tabbas, ina ba da shawarar sayenta ba tare da shakka ba, tare da adafta ta asali da batura masu caji. Idan ta hannu ce za a saya, a je da kwamfuta da kebul a gwada ramin USB a gaban mai sayarwa, a taka fedar daga farko zuwa ƙarshe a ji ko sautin yana tafiya sumul, sannan a buɗe gidan batir a duba ko tsohon batir ya taɓa zuba a ciki.