Motar gidan da na yi haya don gudun guguwar Milton: janareta ya ba ni kunya a gaban Hajiya

Mu da ke zaune gefen Tampa a jihar Florida ta Amurka, guguwar Helene ta gama koya mana hankali a ƙarshen Satumba 2024. Ko sati biyu ba a yi ba sai ga Milton, aka ce mutanen yankinmu su tashi. Hajiyata tana wurinmu a lokacin, ta zo daga Kano ganin jikoki, ga ciwon gwiwa, ba ta iya zaman ƙaramar mota na awa da awanni. Shi ya sa na rufe ido na ɗauki hayar motar gida, wadda a nan ake ce wa RV, irin mai gado a saman kan direba. Kuɗin kuwa kun san yadda yake idan kowa na gudu.

Ranar Litinin 7 ga Oktoba muka hau babban titin I-75 muka nufi jihar Jojiya. Ranar ce Milton ta kai mataki na 5, mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, saboda haka kowa ya fito. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa Ocala ta cinye mana yinin gaba ɗaya. Motar nan shan mai take kamar raƙumi ya sami rijiya, galan ɗaya da ƙyar yake kai mil 8, a cunkoso kuma ko hakan ba ta yi. Na shiga gidajen mai uku, duka an ɗaure famfunan da leda. Na huɗun akwai mai, amma layin ya murɗe ta inda doguwar mota ba ta iya juyawa, sai na wuce ina cizon yatsa.

Bayan isha'i, muna tsakanin Ocala da Gainesville, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Cikin minti kaɗan bayan motar ya koma tanda, ƙaramin yaronmu ya fara kuka, Hajiya tana fifita da gefen mayafi tana cewa, "Ba komai, Allah ya kawo mu lafiya." Wannan "ba komai" ɗin ya fi mini zagi ciwo, don ni na cika mata baki cewa gida sukutum za mu shiga. Na tsaya, na danna maɓalli har yatsana ya gaji. Na kira lambar gaggawar kamfanin hayar sau shida, kiɗa kawai suke sa mini. Wani dattijo Bature da ya tsaya kusa da mu da tasa motar ya leƙo ya ce in duba allurar mai. Ashe janareta da injin daga tanki ɗaya suke sha, kuma da gangan aka yi shi ya daina samun mai idan tanki ya sauka zuwa kwata, don kada ya shanye wanda za a yi tafiya da shi. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Amma yaron da ya miƙa mini makulli ya ɓata minti ashirin yana nuna mini yadda ake buɗe rumfar shan iska, bai ga dama ya faɗa mini wannan ba. Mai gudun guguwa ina ruwansa da rumfa?

Sai a Lake City muka sami mai, can cikin dare, janareta ya tashi kamar ba shi ba.

In faɗi gaskiya, akwai inda motar ta wanke kanta. Banɗaki. Mutane suna fita daga ƙananan motoci suna neman daji, Hajiya kuwa ta yi alwala a ciki ta yi sallarta a zaune, uwargida ta ɗumama miyar kuka a murhun gas muka ci tuwo a gefen titi. Otal-otal duk sun cika har Valdosta, mu muka zarce Hampton inda filin tseren motoci na Atlanta ya buɗe wa masu gudun guguwa wurin kwana kyauta. A can muka ji Milton ta sauka kusa da Siesta Key, kudu da Tampa, daren Laraba, muka ga hoton rufin filin wasa na Tropicana Field a yayyage. Daren nan na ce wa uwargida kuɗinmu ya halatta, har na fara tunanin sayen tamu.

Tunanin ya mutu ranar mayarwa. Suka lissafa mini kuɗin mil da ya haura ƙa'ida, kuɗin awannin janareta, da kuɗin zubar da tankin banɗaki, alhali na zubar da shi da hannuna a hanya, har ya fallatsar mini a takalmi. Na kawo maganar kiran da ba a ɗauka ba, matar ta ce ai lokacin guguwa ne. To ni lokacin biki na yi hayar?

Tauraro biyu na ba su, ɗaya na banɗakin ne. Hajiya ta koma Kano tana ba maƙwabta labarin mota mai kicin, maganar janareta ko sau ɗaya ba ta tayar ba.