Na zaga kamfanin giyar bourbon na Buffalo Trace a jihar Kentucky ta Amurka, ga yadda na gani

Tun farko dai ni ba na shan giya, kar wani ya zo min da wa'azi, abokan aiki ne suka ja ni garin Frankfort inda kamfanin yake ranar Asabar kuma zagayen kyauta ne, ko sisi ba a karɓa. Da aka zo wajen ɗanɗanawa lemon root beer suka miƙo min na sha abuna.

Abin da ya burge ni shi ne siton ajiyar gangunan. Kana shiga ƙamshi zai buge ka kamar alewar madara da itacen da aka babbake, ganguna jere a kan katako hawa-hawa har sama, kowace tana cin wajen lita 200. Mai zagayawa da mu ya ce doka ce, kafin a kira wiski bourbon sai masara ta kai kashi 51 cikin 100, kuma sai a sabuwar gangar itacen oak da aka ƙona cikinta, shi ya sa tsofaffin gangunan ake sayar wa 'yan Sikotland. Launin nan ja na giyar duk daga itacen yake, fari fat take shiga.

To nan ne na gane shekarun da ake bugawa a kwalba ba su ne komai ba. Gangar da ke hawan sama tana shan zafi sosai, da rani giyar ta kutsa cikin itacen, da hunturu ta dawo, sai ta nuna da wuri har in an bar ta ta daɗe ta yi ɗaci, ta ƙasa kuwa a sanyi take, a hankali take tafiya. Wai ganga biyu da aka cika rana ɗaya su fito daban. Shi ya sa giyarsu Blanton's da suka fara fitarwa a 1984 daga ganga ɗaya ake zuba kowace kwalba, daga sito ɗaya mai suna H. Wanda ke tsiyayewa a iska kuma suna ce masa rabon mala'iku, na ce a'uzubillahi, ku dai nemi wani sunan.

Washegari muka biya wani ƙaramin kamfani, ba zan faɗi sunansa ba, suka cika mu da labarin kakansu da sirrin gida, kamfani bai fi shekara uku ba amma yana sayar da mai shekara takwas, ta yaya? Abokina ya juya kwalbar, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta a Indiana aka dafa. Akwai katafaren kamfanin MGP a Lawrenceburg da ke sayar wa masu yawa ganguna su liƙa sunansu, ba laifi ba ne, shi ma ya ce tana da kyau, ɓoyewar ce ta ɓata min rai. Shi yanzu wadda aka rubuta wa bottled-in-bond yake nema, dokar 1897 ce, kamfani ɗaya, zangon dafawa ɗaya, aƙalla shekara 4 a ganga.

In za ka Buffalo Trace ka kama gurbi ta intanet da wuri, kuma ka sa takalmi mai rufi don akwai tafiyar ƙasa da matakala.