Tsohuwar kwamfutar ofis ko ka haɗa taka? Amsa ga ƙanenmu na Sawaba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsakanin tsohuwar Dell OptiPlex ta ofis da aka nuna maka a Adum da haɗa taka da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G, ba sai na kai ka nesa ba: haɗa taka. In kuɗin bai cika ba, ka ƙara haƙuri ya cika, ka sayi kayan a rana ɗaya don a gwada su tare a gabanka.

Tawa irinta ce, 5600G a kan madabod B550, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a jikinsa. Tana ɗakina a Aboabo, ɗakin kwano, kuma duk ɗan Kumasi ya san yadda irinsa yake da azahar a watan Maris. Da ita nake gyaran hotunan suna da na biki. Lokacin auren ƙanwata na zauna a kanta tun bayan isha'i har aka kira asalatu ina haɗa bidiyo, ko sau ɗaya ba ta tsaya mini ba. Na ɗora hannu a bayanta, iska ce kawai mai ɗan ɗumi take fita. Da safe Hajiyarmu ta shigo da kokonta a hannu ta zauna a bakin gado, ta kalla har ƙarshe, ta ce a maido mata wurin da aka kai amarya. Wallahi ranar na ji daɗin kowane sidi da na kashe a kanta.

Furosesar ta shigo kasuwa a 2021, cibiyarta (sassan da ke yin aikin) 6, wutar wat 65 take ci, kuma in sabuwa ce a kwali tana zuwa da fankarta. Babban abin da ya sa ta dace da mai ƙaramin ƙarfi shi ne tana fitar da hoto da kanta, ba sai ka sayi katin hoto yanzu ba. Sai dai daga RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, take aron wurin aiki, don haka kada ka yarda a ba ka guda ɗaya mai 16GB. Ka karɓi biyu masu 8GB, DDR4 3200, bambancin a fili yake in ka kunna wasan ƙwallo. In ramuka huɗu ne a madabod ɗin, yawanci na biyu da na huɗu ake sawa in ka ƙirga daga wajen furosesa. Sannan ka shiga BIOS, shafin saitin madabod, ka kunna saitin gudun RAM da ake kira XMP, wasu suna rubuta DOCP, in ba haka ba RAM ɗin ba zai yi gudun da ka biya ba. Madabod B450 ma tana ɗaukar furosesar, amma sai an sabunta BIOS, to a kunna maka ita a shago tukuna.

Ita ta ofis, gaskiya tana da arha, kuma in buga takarda ne da Excel za ta yi. Amma ƙaramar irin nan akwatinta a matse yake, fawarta, wato na'urar da ke raba wa kayan wuta, ba ta wuce wat ɗari biyu da wani abu, a yawancinsu bakin wayar wutar ma na kamfanin ne, ba za ka cire ka sa ta kasuwa kai tsaye ba. Katin hoto sai gajere mara cin wuta. Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8. In mai shago ya ce maka "i7 ce", tambaye shi lambar da ke biye. In 4770 ce ko 6700, an wuce wurin.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, maganar akwati. Za su nuna maka mai gilashi a gaba, fitilu ja da kore suna juyawa. Kyau kam akwai. Amma duba da kyau, ta ina iska za ta shiga? 'Yan tsagu ne a gefe waɗanda ko yatsa ba ya shiga. A ƙasar sanyi ana iya lallaɓawa da irinsa, mu nan da rana zafi yana haura digiri 30 tun kafin ka kunna komai. Ka nemi mai raga a gaba, ka ɗaga shi sama, in kana hango haske ta cikin ragar to shi ne. Gilashi a gefe ba laifi. Akwati kamar ɗaki ne, sai da ƙofa da taga suna kallon juna iska ke ratsawa.

Fanka uku masu milimita 120 sun ishe ka: biyu a gaba suna jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin fankar, ta nan iska ke fita, wasu ma akwai 'yar kibiya a jikinsu. In ka gama, yagi tishu ka kai gaban akwatin. Ya manne, ka yi daidai. Ya tashi, ka juya fankar. Dalilin da ya sa masu jawowa suka fi yawa shi ne ƙura. In iskar da ke shiga ta fi mai fita, ta wajen matacin ƙura da ke gaban akwatin kawai take bi. In mai fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa, har ramukan USB. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya sauko, ga jar ƙasar lungunanmu da pragya, babur mai ƙafa uku, ke tayarwa, za ka cire matacin ka ga ya yi kauri kamar an shafa masa toka. A lokacin ka riƙa kakkaɓe shi duk mako. In za ka hura cikin da bulawa, cire wuta, ka dafe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Kada ka ajiye kwamfutar a ƙasa, balle a kan kafet, don fankar fawa ta ƙasa take numfashi. Ɗora ta a tebur ko benci, ka bar mata tafin hannu tsakaninta da bango. Ka sa manhajar HWMonitor ka riƙa duba zafinta. Iyakar furosesar digiri 95 ne, in tana cikin aiki mai nauyi kana ganin saba'in da wani abu, hankalinka kwance.

Wayoyi kuwa, ba zan ce maka gyara su zai sauke zafi sosai ba, ɗan kaɗan ne. Amfaninsa shi ne waya ba za ta faɗa cikin fanka ba, ƙura ba ta samun wurin maƙalewa, kuma ranar da za ka ƙara kati ko SSD (ma'ajiyar fayiloli) hannunka zai shiga. Ka zaɓi akwatin da ke da fili a bayan madabod da murfi a kan fawa. Wayar furosesa mai baki 8 ita za ka fara zurawa ta baya ta fito ta kusurwar sama kafin ka ɗaure madabod, don bayan nan wurin ya matse. Babbar mai baki 24 ta bi ta baya ita ma. Ƙananan nan na maɓallin kunnawa, buɗe littafin madabod ka bi zanen, kada ka yi ka-cici-ka-cici. Ragowar da ba ka buƙata ka naɗe su ƙarƙashin murfin. Kada ka ƙulle komai sai ka kunna ka ga ta tashi, kuma ɗaurin ya zama sassauƙa. In ka sayi SSD irin M.2 da ke kwanciya a jikin madabod, ka huta da wayoyi biyu.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka. Akwai masu tsoron Allah a kasuwar nan, akwai kuma waɗanda da sun ga sabon shiga sun samu nama. Akwatin da aka ce fawa kyauta ce a ciki, an rubuta wat 500, ɗaga fawar ka ji, in ba nauyi bar musu. In ta ƙone ba ita kaɗai take tafiya ba. Sayi daban, wat 450 zuwa 550 mai tambarin 80 Plus Bronze, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master. In ta hannu ce daga Amurka, duba bayanta: in akwai jan maɓalli mai 115 da 230, ya tsaya a 230, don ita ce wutarmu. Ka kula da harafin G ɗin da ke ƙarshen 5600G ma. Ryzen 5 5600 da 5500 ba sa fitar da hoto, in aka miƙo maka ɗayansu aka ce duk ɗaya ne, allonka baƙi zai tsaya. Juya furosesar ka duba ƙafafunta a haske, kada a samu lanƙwasasshiya. A buɗe manhajar CPU-Z ka karanta sunanta da idonka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo ka ga awa nawa SSD ɗin da aka kira sabo ya yi aiki. Wanda kuma ya ce a intanet kayan suna Akra, ka tura rabi ta MoMo ya sa maka a mota, kada ka tura ko pesewa. A rubuta maka lambar kowane kaya a rasit.

Saboda haka ga abin da za ka saya: 5600G, B550 ko B450 da aka sabunta, 8GB biyu, M.2 mai 512GB, fawa ta kirki da akwati mai raga. In wani abu ya ragu, UPS mai riƙe wuta in an ɗauke za ka saya kafin fitilu, ka san halin dumso. In kayan sun haɗu ka yi mini magana, ranar Asabar bayan la'asar ina gida, ka zo da su mu ɗaure tare, amma kai za ka riƙe sukudireba.