Next Goal Wins: na 2014 ko na 2023?

A watan Afrilun 2001 Ostireliya ta lallasa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Samowa ta Amurka, wasu tsibirai da ke ƙarƙashin Amurka a tekun Pasifik, da ci 31 da nema. Bayan shekara goma, koci ɗan Holan Thomas Rongen ya karɓi ƙungiyar, ta doke Tonga da ci 2 da 1. Fim biyu aka yi a kan labarin, kuma suna ɗaya suke da shi.

Na 2014 fim ne na zahiri, 'yan wasan da kansu ke magana. Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, har ya ci kyauta a bikin fina-finai masu zaman kansu na Birtaniya. Wanda ya fi ratsa zuciyata shi ne Nicky Salapu, mai tsaron gidan da aka zura wa ƙwallayen nan 31, wanda ya daure ya dawo raga har aka samu nasarar da shi.

Na 2023 Taika Waititi ne ya ba da umarni, Michael Fassbender ya fito a matsayin Rongen. Ra'ayin masu sharhi ya rabu, da yawa suka ce barkwanci ya yi yawa, kuma an fifita damuwar kocin a kan 'yan tsibirin. Masu kallo sun fi sassauta masa, sun sha dariya, duk da bai tara kuɗi sosai a sinima ba.

A nan ina bayan masu sharhi. Fara da na 2014.