Super Tucano da JF-17: wanne ya fi dacewa da dajin Zamfara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Gusau. Ka tambaya tsakanin Super Tucano da muka saya daga Amurka da JF-17 na Pakistan wanne ya fi, kuma ta yaya cinikin jiragen yaƙi ke juya ƙarfin ƙasashe.

Wajen gudu babu haɗi. JF-17, wanda Pakistan da Sin suka ƙera tare, ya fi sauti gudu, an yi shi ne don ya kara da ɗan'uwansa jirgi a sama. Guda 3 kacal muka karɓa a 2021. Tucano mai farfela ne, ba shi da sauri, amma ba ya shan mai sosai, yana daɗewa yana shawagi har matuƙi ya tantance abin da ke ƙasa. 'Yan bindigar dajin Sububu babura suke hawa, ba su da jirgi, don haka a ganina Tucano ne na aikinmu. Kada dai a raina su, a Yulin 2021 sun harbo jirgin yaƙinmu ƙirar Alpha Jet a Zamfara, matuƙin ya diro da lema ya tsira.

Babban bambancin yana wajen sharaɗi. Tucano 12 sun ci kusan dala miliyan 500, amma kuɗi kaɗai bai isa ba. Gwamnatin Obama ta jingine cinikin bayan bam ɗin da jirgin sojinmu ya jefa bisa kuskure kan 'yan gudun hijira a Rann ta Jihar Borno a Janairun 2017, sai da Trump ya hau aka saki. Shidan farko suka sauka Kano a Yulin 2021, tare da alkawarin cewa 'yan ta'adda kaɗai za a kai wa hari da su. Sai da kotu ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, gwamnati ta tabbatar a Janairun 2022, kafin hanya ta buɗe. A tsawon watannin nan garuruwanmu na ci da wuta. Sin da Pakistan ba su cika yin irin wannan bin diddigi ba.

Sai dai ko daga ina ka saya, akalar tana hannun mai sayarwa: kayan gyara, makamai masu linzami, horar da matuƙa. Kamar injin ban ruwa ne da shago ɗaya tak ke sayar da kayansa. Jiragen Jaguar da muka sayo daga Ingila a shekarun 1980 a ƙasa suka ƙare. Turkiyya ma, da take cikin NATO, an fitar da ita daga shirin jirgin yaƙin Amurka F-35 a 2019 saboda ta sayi makamin kakkaɓo jirage S-400 na Rasha.

Alƙaluman cibiyar SIPRI mai bin diddigin cinikin makamai sun nuna Amurka ke da fiye da kashi 40 cikin 100 na manyan makaman da ake fitarwa a duniya, to ka lissafa yawan rundunonin da ba sa iya tashi sai da yardarta. Shi ya sa Najeriya ta raba ƙafa, ta kuma yi odar jiragen yaƙi M-346 guda 24 daga Italiya.